Yadda aikin da na yi wa wani Alhaji ya kwanar da ni a caji ofis

Sana'ata gina manhajojin kasuwanci ce, irin waɗanda ke haɗa wayar yaron shago da kwamfutar sito da asusun banki ta intanet. Ƙannenmu da yawa suna shigowa harkar yanzu, kuma tambayarsu ba ta wuce biyu: wane yaren kwamfuta za su koya, nawa ake samu. Ban taɓa jin wanda ya tambayi abin da ke samun maginin manhaja ranar da kuɗi suka ɓata ba. Wannan shi ne abin da ya same ni, kuma ba zan kama sunan kowa ba.

A Jos aka haife ni, a Gangare. Babana ɗan kasuwar yadi ne a babbar kasuwar Taminus, har zuwa gobarar watan Fabrairun 2002, ina firamare lokacin. Yadin da ya ƙone ya yi masa ciwo, amma littafin bashi ne ya karya shi. Masu tsoron Allah cikin waɗanda yake bi sun kawo da kansu, sauran suka ce ba su tuna ba. Su kuwa waɗanda suke bin sa a Kantin Kwari, littattafansu na nan lafiya lau a Kano. Daga mai shago Baba ya koma mai tebur a bakin titi.

Da na gama sakandare babu halin jami'a, sai na shiga wani shagon intanet a titin Bauchi, ina buga wa ɗaliban Jami'ar Jos takardu ina cike fom ɗin JAMB. Wani ɗalibi Kirista, mutumin Pankshin, shi ya fara nuna mini HTML da PHP, yarukan gina shafin intanet, cikin dare idan kwastoma sun watse. Bayan rikicin Nuwamban 2008 da na Janairun 2010 gari ya rabu biyu, shi ba ya iya shigowa unguwarmu, ni ba na iya zuwa tasu, sai dai mu haɗu a bakin ƙofar jami'a ya miƙo mini filashi cike da darussa. A 2015 na tafi Abuja, na kama ɗaki a Mararraba, ina fita da duku-duku don in riga cunkoson Nyanya. Gina shafin intanet na makaranta yau, na otal gobe, da haka na yi aure, da haka aka samu ƙaruwa.

A 2021 aka haɗa ni da wani Alhaji, babban dilan kayan masarufi: shinkafa, sukari, fulawa, man gyaɗa. Yana da sito a Dei-Dei, shago a kasuwar Wuse, da yara masu bin 'yan sari unguwa-unguwa. Lissafinsa duka a littafi ne da WhatsApp. Mutum ne mai kyauta, ba na hana shi wannan. Kafin alƙalamin da ya ba ni ya fi duk abin da na samu a shekarar da ta gabata.

Abin da na gina masa yana zaune ne a tsakiya kamar dillali. Yaro ya shigar da oda ta wayarsa, saƙon ya tafi sabarmu, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta a intanet. Kwastoma ya biya, kamfanin da ke karɓa mana kuɗi ya aiko wa sabar saƙo cewa an biya oda kaza. Sabar ba ta gaskata saƙon sai ta duba sa hannun sirri da ke jikinsa, wanda ba mai iya ƙirƙirarsa sai wanda ya san mabuɗin da ke tsakaninmu da kamfanin, sannan ta sake tambayar kamfanin da kanta ko adadin ya yi daidai. Sai an wuce nan take fitar da lambar sakin kaya, mai sito ya gani a allonsa, a yi lodi. Akwai ƙananan abubuwa da mai kasuwa ba zai taɓa gani ba, su ne kuma suka cinye mini dare. Idan saƙon biya ɗaya ya zo sau biyu, kuma yana zuwa, kada a lissafa shi sau biyu. Idan sabis ya ɗauke a Dei-Dei, waya ta riƙe odar har ya dawo. Duk hanyar da bayani ke bi na rufe ta da HTTPS, tsarin da ke hana wani karanta bayanin a hanya, da takardar shaidarsa ta ƙungiyar Let's Encrypt da ake samu kyauta amma take ƙarewa duk bayan kwana 90, don haka na saita ta tana sabunta kanta. Sabon gyara ba ya hawa kai tsaye: sai ya kwana a sabar gwaji, sannan in ɗora shi bayan isha'i lokacin da kasuwa ta tashi, tsohon na ajiye a gefe ko da za a koma masa.

Ita kanta sabar a Jamus take, hayarta da dala. A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Sai na koma roƙon wani aboki mai asusun dala yana biya mini ina mayar masa da naira.

Inda muka yi ja-in-ja da Alhaji wuri biyu ne. Na farko, batun asusun ma'aikata.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kowa a buɗe masa nasa, da tasa kalmar sirrin. In wani abu ya faru a san wa ya taɓa."

Ya yi dariya ya ce, "Injiniya, yaran nan a gabana suka tashi. In na raba wa kowa makullinsa, ai na ce musu ban yarda da su ba ke nan."

Da ƙyar ya amince yaran oda su samu nasu daban-daban. Amma babban asusun, wanda zai iya canza farashi ya goge oda, mutum huɗu ke shiga da shi: manaja, akanta, shugaban sito, da wani na jikin Alhaji. Kalmar sirrin a rubuce take a wata 'yar takarda da aka manna da salatif a ƙasan tebur. Masana tsaro na ƙungiyar OWASP, a jerin da suka fitar a 2021 na manyan hanyoyin da ake ɓarna a manhajojin intanet, matsalar izinin shiga suka sa a lamba ta ɗaya. Na faɗa wa Alhaji haka, ya ce wannan na Turawa ne da ba su san zumunci ba.

Na biyu, ya ce lallai a saka maɓallin da manaja zai danna ya ce an biya ko da saƙon kamfani bai iso ba. A nan ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya san bankunanmu ya san alat na iya kwana a hanya, kuma ba za ka tsayar da mota da 'yan dako har magariba saboda kwamfuta ba ta gamsu ba. Na saka. Sai dai na sa sharaɗi a cikin manhajar cewa duk dannawa sai ta shiga rajista: ƙarfe nawa, wace oda, daga wace na'ura, ta wane layin intanet. Kuma rajistar ba a sabar kasuwa kaɗai take zama ba, kowane layi ana tura kwafinsa nan take zuwa wata ƙaramar saba ta daban, wadda ake iya ƙara mata rubutu amma ba a iya gogewa daga wancan ɓangaren. Kowane layi yana ɗauke da hatimin lissafi na layin da ya gabace shi, ta yadda in aka zare ɗaya daga tsakiya, duk na bayansa za su nuna. Alhaji ya ce ba zai biya hayar saba biyu ba alhali ɗaya na aiki. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, na biya na shekara daga aljihuna, na rubuta masa ta WhatsApp cewa na yi, ya amsa da hoton babban yatsa.

Sai ga canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sanar a Oktoban 2022 cewa zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi suka shige banki, sababbi suka ƙi fitowa. 'Yan sarin da ba su taɓa yarda da taransifa ba, dole ta sa suka koma mata rana ɗaya, hanyoyin bankuna suka cushe. Na je sito wata Asabar a tsakiyar Fabrairu, na tarar da wata dattijuwa daga Suleja tsaye a bakin kantar sito, ta ɗaga waya sama tana nuna wa manaja an cire mata kuɗin buhu goma sha biyu tun hantsi. Direban da ta ɗauko yana ta danna ham, 'yan dako sun zauna kan buhuna suna kallo, a allonmu kuwa odar na nan ja wur, ba a biya ba. Manaja ya dube ta ya ce, "Hajiya, yi haƙuri," ya danna maɓallin. Kuɗinta sun shigo washegari da asuba. A makonnin nan maɓallin da aka yi don larura ya zama hanyar kowa da kowa, kuma cikin wannan hayaniya ba mai zama ya bi diddigin wanne ya shigo wanne bai shigo ba.

Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, abubuwa suka fara lafawa. Gab da azumi Alhaji ya sa aka ƙirga kaya. Abin da ya fita daga sito ya ɗara abin da ya shiga banki da miliyoyi masu yawa. Aka tara ma'aikata, kowa ya rantse, aka tashi a kan magana ɗaya: kwamfuta ce, kuma mutum ɗaya ne ya san cikinta.

Da sassafe suka zo Mararraba, mutum uku cikin farin kaya. Maiɗakina na da tsohon ciki, babbar 'yarmu na shirin makaranta. Suka ɗauki laftof da wayoyina biyu, suka sa ni gaba a kan idon maƙwabta. Har yau ba na son tuna yadda yarinyar ta biyo mu da takalmi ɗaya a ƙafa.

Ɗan sandan da ke binciken bai zage ni ba, bai taɓa ni ba. Ya dai riga ya gama shari'arsa a zuci. Ya ce, "Malam, kai ka gina gidan, kai ka san ƙofar baya." Na yi ta bayanin saba da rajista, yana rubuta abin da ya fahimta, da ya karanto mini sai na ji kamar na amsa cewa ina iya shiga in canza komai. Kuma gaskiya ce, ina iyawa. Wannan shi ne abin da masu shigowa sana'ar nan ba sa hangowa: amanar da ke sa a ba ka aiki, ita ce hujjar da za a kafa a kanka. Na ƙi sa hannu har sai da aka gyara jimlar. Na kwana bayan kanta, aka wuce da ni ciki, a can na ga farkon azumi, ina buɗa-baki da ruwan leda da abin da maiɗakina ta iya aikowa. Wani kawuna da ke sayar da taya a Zuba shi ya tsaya mini aka ba da beli.

Da na fito na tarar Alhaji ya kawo wani yaro ya karɓi sabar kasuwa, ya canza duk makullai, kuma cikin gyare-gyarensa rajistar da ke kanta ta tafi. Saura ta biyun. Lambobin shiga na gaggawa na buga su a takarda tun farko, suna cikin akwatin kayan maiɗakina, ƙarƙashin atamfofi. A daren da na dawo na so in buɗe, lauyan da kawu ya samo ya hana ni. Ya ce, "Ka taɓa ta da hannunka, gobe su ce kai ka rubuta abin da ke ciki." Ya yi mini bayanin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011: duk abin da aka ciro daga kwamfuta, kafin kotu ta karɓa sai da takardar da ke bayyana na'urar, da yadda aka fitar da bayanin, da cewa tana aiki daidai. Shawararsa a samo ƙwararren da ba ruwansa da ni ko Alhaji, ya buɗe a gaban 'yan sanda. Ƙwararre kuwa sai da kuɗi.

Kuɗin ne babu. Labari ya riga ni zuwa wurin sauran kwastomomina. Ba wanda ya kira ni ɓarawo a fuska, sai dai a ce, "Injiniya, bari ƙura ta lafa tukuna." Aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota daga Mararraba ya ninka. A tsakiyar Yuni aka saki naira, dalar gwamnati ta tashi daga wajen 460 ta haura 700 cikin ɗan lokaci, hayar sabobin da nake riƙe wa mutane ta bi ta. Barci ya ƙaurace mini. In na ji mota ta tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Na je asibiti da ciwon kai, aka auna ni aka ce hawan jini, ina ɗan shekara talatin da 'yan kai. Akwai ranar da na zauna na goge duk manhajojin aiki daga tsohuwar kwamfutar da na aro, na ce na bar sana'ar, gara in koma sayar da kati. Kuɗin haya ya ƙare, na kwashi iyali da jaririyar da aka haifa ana cikin wannan hali, muka koma Jos, ɗakin da na tashi a ciki.

Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta dai ajiye mini kunu ta ce da maiɗakina, "Ki ce masa ya sha." Baba ne ya kira ni zaure bayan kwana biyu. Bai tambaye ni ko na ci ko ban ci ba. Ya ce, "An ce kana da littafi." Na ce ina da shi, Baba, kuɗin buɗe shi ne babu. Ya ce, "Mai littafi ba ya zama yana kuka. Tashi ka nemo." Washegari maiɗakina ta miƙo mini sarƙarta da 'yan kunnen gwal na aure a ƙulle cikin hankici. Na ƙi karɓa, ta ce in ban kai ba ita za ta kai da kanta.

An buɗe rajistar a ofishin 'yan sanda, ga lauyana, ga lauyan Alhaji. Abu na farko da ƙwararren ya yi shi ne bin hatiman tun daga layin farko, ya tabbatar ba a zare ko ɗaya ba. Sannan ya jera duk dannawar maɓallin nan kusa da takardar banki. Mafi yawansu kuɗinsu sun shigo daga baya, irin na dattijuwar Suleja. Waɗanda ba su shigo ba suka ware kansu: kusan duka bayan la'asar, sunayen kwastomomi sababbi da ba su taɓa saye ba kuma ba su sake ba, sannan bayan kwana ɗaya ko biyu a shiga a goge odar. Asusun na mutum huɗu ne, don haka rajista ba ta iya faɗin suna ba. Amma ta faɗi na'ura. Waya ɗaya ce, da samfurinta, kuma ranar da aka fara shiga da ita tana rubuce, ranar da ni da kaina na saka wa mai ita manhajar a falon Alhaji. Da aka karanto samfurin wayar, lauyan Alhaji ya fita ya yi kira. Da ɗan gari akan ci gari.

Ba a kai kowa kotu ba. Alhaji ya janye ƙara, aka koma gida aka kashe maganar a cikin dangi. Ni da aka ɗauka a gaban maƙwabta, ba a zo gaban maƙwabta an wanke ni ba. Bayan mako guda direbansa ya sauke mini buhun shinkafa da jarkar mai a Gangare, da saƙon cewa Alhaji na gaisuwa, a yi haƙuri, ƙaddara ce. Inna ta sa aka rabar a unguwa.

Lauya ya ce muna da hujjar neman diyyar ɓata suna. Na yi kwanaki ina juya maganar, domin raina na so, ba don kuɗin ba, don in ga Alhaji tsaye yana amsa tambaya yadda na tsaya. Amma na duba shekarun da shari'a ke ci, da jikina, da gwal ɗin da ban mayar ba. Na ce a rubuto mini takarda kawai, da hatimin kamfani da sa hannunsa, cewa bincike ya nuna ba ni da hannu. Sai da aka kai ruwa rana kafin ta fito, layi uku ce. Na ɗauki hotonta na tura wa duk wanda ya ce in jira ƙura ta lafa. Wasu sun dawo, wasu ko amsa ba su yi ba.

Yanzu a Jos nake, da ɗan ofis da sola a sama da matasa uku da muke aiki tare. Muna yi wa dilolin kayan gwari na Farin Gada, da wani kantin magani, da makarantu biyu. Kafin in rubuta layi ɗaya sai an sa hannu a yarjejeniya: kowane ma'aikaci da asusunsa, babban asusu sai da lambar tabbatarwa ta biyu a waya, wanda ya danna an biya ba shi ke sakin kaya ba, hayar sabar rajista na cikin farashi, kuma ranar da na miƙa aiki mai kasuwa zai canza makullai a gabana, in na sake shiga to da izininsa ne a rubuce. Kwafin ajiya duk wata muna dawo da shi a sabar gwaji mu ga ko da gaske yana tashi. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ƙara mini ƙarfin magana, domin ta ce in bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, a sanar da hukuma cikin awa 72, kuma wanda ba shi da rajista ba zai ma san me ya fita ba. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice, masu kantin maganin sun ci gaba da sayarwa, wayoyinsu suka riƙe lissafi har layi ya dawo. Maganin hawan jini dai ina sha har yau, gwal kuma na mayar da sarƙar, saura 'yan kunne.

Masu kasuwa da yawa suna jin sharuɗɗan nan su ce na cika tsauri, su tafi wurin wanda zai yi musu a rabin kuɗi cikin mako biyu. Kwanakin baya babban ɗan Alhaji ya kira ni, ya ce manhajar tana ta ba su matsala tun da dala ta haura 1,500 suka koma wata saba mai arha, ko zan zo in duba. Na ce ya gaida Alhaji, na tura masa yarjejeniyar da farashi. Ya sake kira ya ce komai ya yi, sai dai batun raba asusu, Alhaji na ganin a bar shi yadda yake. Na ce to a bar aikin ma yadda yake.